Hettie Mai Kama Wuri

Duk wanda ya kwana a tasharmu ta jirgin ƙarƙashin ƙasa lokacin da Jamusawa ke yi wa Landan ruwan bama-bamai ya san Hettie Moggs, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai ƙaton keken tura jarirai, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, amma kullum kekenta cike yake maƙil da bargunan mutane. Ni sunana Maud Tranter. Shayi nake sayarwa a can ƙasa a wancan zamani, ina bin dakalin jiran jirgi da ƙatuwar buta ina tsallake ƙafafun bayin Allah. Mai shayi kuwa babu abin da kunnenta ba ya kwasa. Abin da ban gani da idona ba, Hettie ce ta gaya mini bayan yaƙi, muna guga tare a gidan wanki.

A wani lungu bayan majema aka haife ta, kusa da kogi. Ubanta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, uwarta wankau. Tun ba ta kai tsawon baho ba aka sa ta wanki, shi ya sa hannayenta suka zama jajaye kamar an yi musu ƙuna, har ta mutu ba su koma daidai ba. Ba ta da kyau, ba zan yi muku ƙarya ba. Ga tsawo, ga manyan ƙafafu, ga rashin magana. Sai da kowa ya cire rai da aurenta sannan Wilf Moggs mai gyaran takalma ya fito.

Wilf ɗan ƙaramin mutum ne, kansa iyakar kafaɗarta. Ya je yaƙin farko a Faransa, ya shaƙi hayaƙi mai guba, ya dawo da rabin huhu da tarin da ba ya jin magani. Mutanen lungun sun samu abin dariya. In sun wuce su biyu sai ka ji ana cewa, "Hettie, ki riƙe shi da kyau kar iska ta tafi da shi." Ko a jikinsu. Kullum da asuba Wilf ke riga ta tashi ya ajiye mata takalmanta a gefen murhu, don kar ta sa ƙafa cikin sanyi. Ni dai nawa mijin bai taɓa miƙo mini ko cokali ba.

Ranar da jiniya ta fara kuka da gaske, bam na farko ya sauka a bakin kogi, Hettie ta nemi Wilf ta rasa. A ɗakin ajiye gawayi ta same shi, ya cusa kai cikin buhu, ya ciji hannunsa har jini, wandonsa ya jiƙe. Yana kiran sunayen mutanen da suka mutu tun tana budurwa. Washegari ta ja shi suka sauka tasha. A can ƙasa ba a jin komai sai ƙugin jirgi, Wilf ya jingina da bango ya yi barci kamar jariri. Daga ranar Hettie ba ta da wani buri a duniya sai ɗaya, wato a bar mata mijinta ya kwana a ƙasa.

To amma samun wuri a ƙasa aiki ne. Sai la'asar ake buɗe wa masu kwana ƙofa, layi kuwa tun da hantsi ya kewaye tasha. Wanda ya riga shimfiɗa bargo, wuri nasa ne. Kuma bargon mutum ba a taɓa shi. Kana iya zagin uwar mutum a dakalin nan a ba ka haƙuri a wuce, amma ka ɗaga bargonsa ko ka leƙa ƙunshin kayansa, sai an fitar da kai da jini. Matan lungun su Hettie duk suna aikin masana'anta, ba mai lokacin tsayuwa a layi. Sai Hettie ta bar gidan wanki ta ɗauki wannan. Da safe ta tara bargunan mutanen lungu, ta tsaya a titi cikin ruwa da sanyi har la'asar, a buɗe ƙofa ta danna keken cikin lifta, na'urar nan mai saukar da mutane ƙasa, ta sauka ta shimfiɗa wa kowa nasa a bayan farin layin da aka ja don masu shiga jirgi. Sannan ta zauna tana gadi har masu wuri su taso daga aiki.

Wasu masu irin wannan sana'a sule suke karɓa a kan kowane bargo. Hettie ko kwabo ba ta karɓa. Ladanta shi ne a jure tarin Wilf, a bar shi a jikin bango a tsakiyar mutanen lungu, inda iskar bakin rami ba ta isowa. Ba a rubuta ba, ba a ma furta ba, amma kowa ya san haka cinikin yake.

Mai faɗa a ji a lungun ita ce Queenie Crouch, matar mai sayar da kifi. Gajera ce mai ƙiba, mai murya kamar ta mai shela, kuma ta iya raha, in tana ba da labari har daga wani lungun ake matsowa. Mutane suna sonta, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Da sanyi ya fara shigowa 'yarta Doreen ta haihu, aka sauko da jaririn. Tun daga nan idon Queenie ya sauka a kan wurin nan na jikin bango.

Ina zuba mata shayi wata yamma Wilf ya sarƙe da tari. Ta bari sai da ya lafa, sannan ta ce, yadda kowa zai ji, "Wilf, in huhun ne zai fito, ka bari mu gama cin abinci."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ce, "Yi haƙuri, Misis Crouch."

"Ni ba komai, na riga na tsufa. Jikana nake ji." Ta juya wajen Hettie. "Ke 'yar'uwa, tsakani da Allah, kin tabbata tarin yaƙi ne? Mijin yayata haka ya fara, ana cewa sanyi ne, ashe tarin fuka ne. Sai da ya kwashe 'ya'yansa biyu ya tafi da su."

Hettie ta ce, "Tun kafin a haifi Doreen yake wannan tari. Wa ya taɓa ɗauka?"

"To, ke ba ki haifa ba, ba za ki gane ba."

Ba a yi mako ba sai ga nas ɗin tasha ta zo har wurinsu, tare da jami'in da ke kula da masu kwana. Lokacin an fito da doka cewa mai ciwon da ake ɗauka ba ya kwana a ƙasa. Nas ɗin yarinya ce, ta gaji, idanunta sun yi ja. Ta ɗora abin saurare a ƙirjin Wilf, ta ji abin da duk wanda ya saurari ƙirjin nan zai ji, ta girgiza kai. Jami'in ya karɓe katinsa na shiga.

Hettie ta bi mutanen lungun ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ke zaune a kan bargunan da ta shimfiɗa musu. "Kun san shi. Ku gaya musu hayaƙin yaƙi ne. Ke Misis Lugg, shi ya yi wa yaranki takalma kyauta bara. Ki yi magana mana." Misis Lugg ta shiga neman wani abu a jakarta. Sauran kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Ni na yi magana, na ɗaga murya ma, jami'in ya ce mai shayi ta tsaya a kan shayinta.

Queenie ce ta dafa Hettie. "Kwantar da hankalinki. Ke dai ki ci gaba da kama mana wuri kamar kullum. In abu ya lafa, ni da kaina zan je kwamitin tasha in sa baki a dawo da shi. Yanzu in muka ta da hayaniya sai su kori lungun gaba ɗaya." A yammar nan Doreen da jaririnta suka koma jikin bango.

Kun ga mugunta mai hankali ke nan. Da korarta suka yi, da ya fi sauƙi. Sai suka bar mata ɗan zaren sa rai, suka ɗaure ta da shi.

Ta gwada barinsa a gida. Ta ce da ta dawo da safe ta tarar da shi ƙarƙashin gado, ya kakkarya faratansa a jikin katako yana neman haƙa rami, bai ma gane ta ba sai can da rana. Ta gwada zama da shi a sama, washegari Queenie ta aiko mata cewa mutanen wani lungu sun cinye musu rabin wuri, kuma in haka za ta yi, to ta manta da maganar kwamiti. Shi ne ta zauna ta dubi keken nan, ta dubi mijinta.

Wilf ya rame ƙwarai a lokacin. In ya naɗe ƙafafu, keken yana ɗaukarsa. Ta shimfiɗa masa tsumma a ƙasa, ya shiga, ta jibga bargunan lungu a kansa, ta bar masa 'yar kafar numfashi ta gefe. Haka yake kwance tun hantsi har la'asar a cikin layi, da tawul a baki saboda tari. Ba mai leƙawa, tunda kayan mutane ne. Tsoho Percy mai lifta ya taɓa ce mata, "Kai, bargunan nan naki kullum ƙara nauyi suke." Ta ce ruwan sama ne ya jiƙa su.

A ƙarshen dakali, bayan labulen da aka kewaye bokitan bahaya da shi, akwai wata tsohuwar hanya da aka daina bi tun kafin yaƙi. Da can tana kaiwa ga wani dakalin da aka rufe. An toshe bakinta da katakai, aka bar 'yar ƙofa, kuma an yarda wa Hettie ta riƙa ajiye kekenta a ciki. Nan take sauke Wilf. Babu fitila, bango yana tsatsar ruwa, ƙasa duk baƙar ƙura mai kauri ta shekara da shekaru. Duk jirgin da ya wuce sai ya turo iska mai sanyi ta cikin ramin, ƙurar ta tashi ta cika wurin. Mai lafiyayyen huhu ma ba zai so ya yi awa ɗaya a ciki ba. Amma ba a jin bam. Wilf ya ce mata, "Nan ya yi mini, Het. Kin ga ma ba wanda zan dama."

Ba ta iya zama da shi. Dole a gan ta a kan barguna har masu su su iso, kuma dole ta kwana a wurinta, don wurin da aka gani babu kowa, gobe na wani ne. Sai dai ta saci jiki kamar za ta bayan labule, ta kai masa burodi da kitse da shayi. Shayi kofi biyu take saya a wurina. Ta ce mini ɗayan a kwalba take zubawa ta kai masa gida da safe, na yarda, har ina ƙara mata sukari a ɓoye.

Duk bayan kwana biyu sai ta tambayi Queenie, "Misis Crouch, maganar kwamitin fa?"

"Haba Hettie, kin cika gaggawa. Bari a wuce Kirsimeti."

Jajibirin Kirsimeti aka yi shagali a ƙasa tun da magariba. An sauko da fiyano, an rataya takardu masu launi, an raba wa yara lemo. Ni kam ƙafafuna har sun kumbura. Hettie ta sayi kofinta biyu za ta zame, Queenie ta cafke hannunta.

"Ina za ki? Jama'a, ga wadda ta fi kowa wahala a kanmu. A naɗa ta."

Suka kifa mata hular takarda, suka ce ita ce sarauniyar barguna. Aka ja ta tsakiyar fili aka ce sai ta yi rawa. Ku yi tunanin mace mai wannan tsawo da waɗannan ƙafafu, da kofi a kowane hannu, ana juya ta ana tafi, shayi yana zuba a kan takalmanta. Ta yi ta cewa, "Ku bari in ajiye, yanzu zan dawo," ba mai saurare. Duk sanda ta nufi gefe sai wani ya turo ta ciki. Yara kuma suna ta wasan ɓuya, sun cika ƙarshen dakali, suna bubbuga katakan nan suna leƙe ta tsakaninsu.

Da ta samu ta kuɓuce ta shiga, ta kira shi a hankali bai amsa ba. Ta lalubo shi a zaune jikin bango. Tawul ɗin yana cikin bakinsa, ya tura shi can ciki da hannunsa, haƙoransa sun datse a kai. Ya ji muryoyin yara a bakin ƙofa, tari ya taso masa, ya san in aka ji shi an kori matarsa. Jikinsa da sauran ɗumi.

Ta ce ta ɗan zauna riƙe da hannunsa. Sannan ta tashi ta koma wurinta ta kwanta, da hular takardar a kanta, don ta manta da ita. A daren nan ko jirgin sama ɗaya bai zo ba, jiniya ma ba ta yi kuka ba.

Da gari ya waye ta tara barguna kamar kullum, ta shiga ramin, ta fito tana tura keke. Lifta ɗaya muka hau, ni da butata, ita da kekenta, da Queenie da Misis Lugg. Doreen ta riga ta yi gaba da jariri. Na ce mata barka da Kirsimeti, ta gyaɗa kai. Mun fito bakin titi ke nan Queenie ta ce, "Tsaya, ba ni jan bargona. Baƙi za mu yi yau, zan rufe kujera da shi."

Hettie ta ce, "Zan kawo miki gida."

"A kan me? Ga ni ga kayana."

Bargonta ne, ba mai ikon hana ta. Ta kama gefe ta fizgo daga ƙasa, na sama suka zube. Sai ga Wilf a naɗe, fuskarsa baƙa ƙirin da ƙura, bakinsa a buɗe. Butar ta faɗi daga hannuna. Misis Lugg ta toshe baki ta juya baya.

Queenie ta dube shi, ta dubi hagu da dama, ta ɗauki wani bargo ta mayar a kansa. Ko muryarta ba ta canza ba.

"To, Allah ya ji ƙansa. Ai dama mun san yana can ciki."

Na ce, "Kun sani?"

"Duk lungu ya sani. Wa zai tura keke haka yana nishi saboda barguna? Mun yi shiru, mun rufa mata asiri. Mu dai ba ma jin tarinsa, shi kuma ba ya jin bam, kowa ya huta." Ta matso kusa da Hettie. "Saurara da kyau. Kin shigo da wanda aka hana, kin ɓoye shi, yanzu kina yawo da gawa a titi. In hukuma ta ji, kotu za ki, mu kuma a ƙwace mana katunanmu da ƙananan yara. Ki kai shi gida, ki wanke shi, ki sa shi a gado, ki kira likita. A gida ya mutu. Kin ji ko?"

Na zage ta, zagin da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba, a ranar Kirsimeti, a bakin titi. Ta bari na gama. Sannan ta shinshina jan bargon, ta yamutsa fuska, ta jefa shi kan keken.

"Ki wanke shi da ruwan zafi kafin ki kawo. Jariri ke kwana a kai."

Hettie ta riƙe hannuna ta ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba muddin tana raye. Kotu take tsoro, ba don kanta ba, don kar a yanka gawarsa a bincika. Na rantse. Ta tura shi gida ita kaɗai. Likita ya zo ya ga tsohon soja mai rabin huhu a kan gadonsa, bai yi wata tambaya ba.

Kafin a binne shi labari ya gama unguwa, kuma kun san bakin da ya fito. Wai Wilf Moggs tsoro ne ya kashe shi, shi kaɗai a gida, matarsa tana can ƙasa tana rawa da hular takarda. Mutane da yawa sun ga rawar da idonsu, saboda haka ba wanda ya yi musu. A wurin jana'iza dangin Wilf ko gaisuwarta ba su amsa ba. Ita kuma ba ta da bakin kare kanta, don gaskiyar ta fi ƙaryar haɗari. Ta ci gaba da kama wa lungun wuri har aka daina kwana a ƙasa, tunda Queenie tana riƙe da wuyanta. Bayan yaƙi ta dawo gidan wanki. Ba ta sake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, ko ina za ta da ƙafa take zuwa. Yaran da aka haifa daga baya, waɗanda ba su san Wilf ba, sun taso suna kiranta mai rawa.

Queenie ta riga Hettie mutuwa, coci ya cika har waje. Da Hettie ta rasu, mu da muka raka ta ba mu cika benci biyu ba. Bayan an dawo aka zauna shan shayi a ɗakin baya na coci. Doreen ta zo, ta zama babbar mace, har da jaririn nan nata, ya zama saurayi mai gemu. Ina jinta tana gaya masa ƙasa-ƙasa, "Ita ce wadda kakarka ke ba da labarinta, wadda ta bar mijinta a sama ya mutu."

Rantsuwata ta ƙare ranar. Na ajiye kofi na miƙe na faɗi komai, da nas, da keke, da ramin bayan katakai, da tawul, da jan bargon da aka rene shi a kai. Ban rage ko kalma ba.

Suka zuba mini ido. Doreen ta taso ta kama kafaɗata ta zaunar da ni, ta gyara mini mayafi, ta ce wa ɗanta ya ƙaro mini shayi, tsufa ne.

Saurayin ya kawo, ya durƙusa a gabana cikin ladabi. "Iya Maud, ni fa kullum a tashar nan nake hawa jirgi in tafi aiki, kuma a ƙarshen dakalin nake tsayawa. Babu wata ƙofa a wurin. Bango ne."